Rantsuwar Inna Balaraba

Tun ranar sunan jikata ta fari na san akwai abin da ke tafe, kuma ba alheri ba ne. A fuskar mace guda na gan shi, da tsakar rana, mutane na cin tuwon shinkafa suna dariya.

Riskuwa ɗiyata ce ta fari. Tana aure a wani ƙauye na bakin fadama kan hanyar Argungu, ba zan faɗi sunansa ba. Mijinta Sama'ila manomin albasa ne. Uwarsa, Balaraba, ita ce ungozomar garin, kuma duk wanda aka haifa a can, tun daga masu gemu har masu rarrafe, ita ta yanke masa cibi.

Da cikin fari ya tsufa, Riskuwa ta zo goyon ciki gidana a Birnin Kebbi. Haihuwa ta zo da gardama, muka kai ta asibiti, aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace da rai. A can ta haɗu da wata nas mai suna Dinatu, wadda ake ce wa Sista, Kirista ce, mutuniyar Filato, aiki ya kawo ta ƙasarmu. Bayan an sallame su, Riskuwa ba ta da zance sai na Dinatu. Ina zaune a zaure ina jiyo ta tana ba ƙannenta labari.

"Sai ta kama ni muka yi ta zagaya ɗaki. In ciwo ya taso ta ce in rataya a wuyanta, tana murza min baya da tafin hannu. Ta ce in ja numfashi ta hanci in sake ta baki. Na cije leɓe don kunya, ta ce, ke, yi kukanki, nan ba mai yi miki dariya. Lokacin tashinta ya yi, ta ƙi tafiya. Har ƙofar ɗakin aiki tana riƙe da hannuna."

Ranar suna Balaraba ta iso da sabuwar reza da tukunyar wanka. Ta kwance jaririya, ta tarar an ɗaure cibi da zare an shafa masa shuɗin magani. Ta daɗe tana kallonsa. Ana haka Dinatu ta shigo barka, Riskuwa ta yunƙura da ɗinki a cikinta ta rungume ta, ta miƙa mata jaririya, ta ce wa mata, "Ga uwata ta biyu." An raɗa wa yarinya Aminatu, amma kafin la'asar kowa Sista yake ce mata, don uwarta ta fara. Balaraba ta mayar da rezarta cikin kwano, ta ce ba ta jin yunwa. Da za su tafi na fito sallama, na ji ta ce wa wadda ta rako ta, "Jikata ta hwari, hannun baƙuwa ta hwaɗa."

A ranar Dinatu ta ja ni gefe ni da mai ɗakina Aishatu. Ta ce, "Baba, akwai ɗinki a mahaifarta. In Allah ya kawo wani ciki, kada ta yi naƙuda a gida. Da watan ya kama a kawo ta. In aka matsa wa ɗinkin nan, yagewa zai yi." Na gaya wa Sama'ila, ya sunkuyar da kai ya ce to.

Bayan an yaye Aminatu wani cikin ya shiga. Labari ya riƙa zuwa mana ta bakin Hauwa'u, matar wan Sama'ila, wadda takan shigo gari sayar da busasshen kifi. Ita ma ta taɓa yin kuskure. Ta ce wa mijinta in ta tashi haihuwa a kai ta wurin wannan Sista da ake faɗi, Balaraba kuwa na bayan danga tana ji.

Daga ranar aka hana Riskuwa zuwa awo. Ƙwayoyin ƙarin jini da Aishatu ta aika mata, Balaraba ta watsa su a makwararar ruwa, ta ce su ke kumbura ɗa a ciki har a rasa ta inda zai fito. Ta ɗora mata surfen shinkafar gida duka, wai mai ciki in ta zauna ƙashinta ke rufewa. Wata rana mata sun taru ana sussuka, ta kira Riskuwa, ta ɗaga mata riga a gabansu.

"Ku duba," in ji ta. "Aikin uwatta ta biyu ke nan. An hwarke ta kamar giwan ruwa. Ni da nika karɓar haihuwa tun kahin a haihi Sista, wa kunka taɓa gani na yanka? Gaggawa ce da rashin haƙuri. Wallahi wanga ɗa da hannuna zan karɓe shi, cikin ɗakinga, gari shi gani."

Rantsuwar ke nan. Hauwa'u ta ce Riskuwa ta saki rigarta ta koma bakin turmi.

Na kasa barci, na kasa cin abinci. Mutum ba ya nuna damuwa da ɗan fari, haka muka taso. Ko sunanta ba na kamawa, Aishatu ma haka. Amma ranar kasuwar Argungu na yi kamar hanya ce ta biyo da ni, na tsaya a garin. Riskuwa ta fito zaure ta durƙusa ta gaishe ni. Da za ta miƙe sai da ta dafa bango. Fuskarta ta yi fari fat, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Na jira ta koma ciki, na ce wa Maigandi, uban Sama'ila, "Malam Maigandi, alfarma na zo nema. A ba mu yarinyar ga ta haihu wurinmu."

Ya yi murmushi. "Malam Usmanu, goyon ciki sau guda a kan yi. In munka ba ku na biyu, mi za a ce? A ce gidanmu ba a iya riƙon mai ciki?"

"Ma'aikatan asibiti sun ce akwai ɗinki."

"Su ai kullum akwai abin da sunka ce. Ga uwar Sama'ila nan, mata nawa ta hidda? Sha'anin mata ne, mu bar musu."

Na sami Sama'ila a fadama yana ban ruwa. Ya ajiye ƙwarya ya durƙusa cikin laka.

"Baba, na yi wa Inna magana. Ta ce in nik kai Riskuwa asibiti ba da izninta ba, in nemi wata uwa. Cewa ta yi na hihita baƙuwa bisa wadda ta haihe ni."

"Kai mi kag gani?"

"Baba, in abu ya yi tsanani ai ba a bari."

Da wannan na dawo gida.

Watan haihuwa ya kama lokacin yankan shinkafa. Wata safiya ina shirin tafiya gonata a Zauro, direban motar albasa ya yi sallama. Ya ce wata mata mai kifi ta tare shi a bakin hanya, ta ce ya gaya wa Malam Usmanu ɗiyarsa ta kwana ta wuni ta sake kwana a durƙushe, kuma an hana kowa faɗi.

Na jefar da lauje na nufi asibiti. Na tarar da Dinatu a bakin ƙofa, ta tashi daga aiki ke nan, idonta ja don gajiya. Ban iya jera magana ba, amma ta gane. Ta koma ciki da sauri, ta fito da jaka da ledar ƙarin ruwa. Muka ɗauki shatar akori-kura, muka biya muka ɗauki Aishatu.

A hanya Dinatu ta ce, "Baba, in mun isa kada ku yi faɗa. Ku bar ni da tsohuwar. Ba ƙin yarinyar take ba, ni take jin haushi."

Ta cire farar hularta ta aiki ta sa a jaka, ta ari mayafin Aishatu ta lulluɓe kayan jikinta.

Mun isa rana ta ɗaga. Maigandi na zaure da maza biyu, Sama'ila na raɓe a bakin ƙofa. Mata suka shige, ni aka shimfiɗa mini tabarma. Abin da ya faru a ɗakin, Aishatu ce ta ba ni labarinsa daga baya.

Sun tarar da Riskuwa a durƙushe kan tsumma, an cusa mata gefen zane a baki don kada maza su ji nishinta. An ɗaure mata wani zanen tam a saman ciki. Ga ƙoƙon rubutu, ga na jiƙo. Balaraba ta zagayo ta bayanta, ta sa hannu biyu tana danna cikin ƙasa da dukan ƙarfinta, ita ma zufa ta jiƙe ta sharkaf.

Dinatu ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, sannu da aiki. Sannu da ƙoƙari."

Balaraba ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce Sista? An lulluɓe ki kamar ba a san ki ba. Mi ya kawo ki?"

"Gaisuwa na zo, Inna. Na ji kin kwana a tsaye. Ni 'yarki ce a wannan aiki, abin da hannunki ya karɓa ban ga rabinsa ba. Ki gaya min, yaya kika ji kan ɗan?"

Tsohuwar ta goge zufa. Sannan ta ce, murya ƙasa, "Shina sama. Ya ƙi sauka."

"To Inna, ke kin san abin da wannan ke nufi, ba sai na faɗa miki ba. Ga mota a waje. Ki shiga gaba, ke za ki kai ta. In an ciro ɗan, ke za a fara miƙa wa, ke za ki yi masa wanka. Ni da kaina zan gaya wa mutanen gari ke kika ce a tafi."

Aishatu ta ce wallahi ta ga hannun Balaraba ya saki. Har ta juya tana neman mayafinta da ido.

A daidai nan Riskuwa ta ɗago kai. Ta tofar da zanen bakinta, ta miƙa hannu ta wuce surukarta, ta kama gefen mayafin Dinatu.

"Sista, kin zo? Na san kina zuwa. Ki hisshe ni, Sista, kashe ni za a yi."

Balaraba ta miƙe tsaye.

"Kashe ki? Ni? Ni da ban runtsa ba, ban sa komi bakina ba, ni ce mai kashe ki, ita ce mai hisshe ki?" Ta fizge hannun Riskuwa daga mayafin. "Hita min daga ɗaki. Ba inda za ta. Nan za ta haihu ko gari ya taru."

Dinatu ba ta tashi ba. Ta ce, "Zan fita, Inna, amma ki bari in kwance mata ɗaurin nan." Ta sa hannu ta kwance zanen, ta kwantar da Riskuwa a gefen hagu, ta jiƙa tsumma ta goge mata fuska da leɓe. Balaraba na ta faɗa a kanta, ita kuwa tana cewa, "Ja numfashi, Riskuwa. Kamar yadda muka yi wancan karon. Ina nan."

Sai Riskuwa ta yi ƙara guda. Wannan ni ma na ji ta daga zaure, maza suka sunkuyar da kai. Bayanta shiru.

A ɗaki, naƙuda ta tsaya cak. Riskuwa ta yi lamo, ta ce ciwon ya tafi.

"Kun gani?" in ji Balaraba. "Jiƙo ya kama. Hutawa takai, in ta tashi sai haihuwa."

Dinatu ta taɓa wuyan hannunta, ta shafa cikin, ta ɗora ƙahon sauraro ta kasa kunne. Ta miƙe ta fito zaure ba takalmi, mayafin ya zame, fararen kayanta a fili.

"Wane ne mijin?"

Sama'ila ya matso.

"Mahaifar matarka ta yage. Jini na zuba a cikinta. In ba mu tafi yanzu ba, kafin la'asar za ku yi mata sutura. Ka ce a ɗauko ta."

Sama'ila ya dubi ubansa. Maigandi ya ce, "A bari a ji ta bakin uwa tai." Daga cikin gida muryar Balaraba ta taso, "Sama'ila, in ka bari anka hita da ita, ban yahe maka nonon da ka sha ba!"

Yaron ya tsaya inda yake, hawaye na zuba.

Ban taɓa wuce zauren gidan nan ba. Suruki ba ya shiga, balle ɗakin haihuwa, balle na ɗiyar fari. Na tashi na shiga. Maigandi na cewa, "Malam Usmanu, haba, Malam Usmanu!" Mata suka watse suna salati. Balaraba ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Ba ka da kunya? Ɗiyakka ta hwari?"

Na ce, "Kauce."

Ban taɓa ta ba. Hauwa'u ce ta janye ta. Na sunkuya na ɗauki ɗiyata, jikinta sanyi kamar randa. Rabona da in ɗauke ta tun ba ta yi haƙori ba.

A bayan akori-kura Dinatu ta sa muka kwantar da ita, muka ɗora ƙafafunta kan buhu. Ta nemi jijiya da ƙyar ta sa mata ruwa, ta ba Aishatu ledar ta ce ta ɗaga sama kada ta sauke. Sama'ila ya biyo mu da gudu ya ɗare bayan motar. Duk tsawon hanya Dinatu ta ɗora kan Riskuwa a cinyarta, ta kare mata rana da jikinta, ba ta bar ta ta yi shiru ba.

"Riskuwa, buɗe ido. Me Aminatu ta fi so, fura ko kunu? Gaya min. A'a, ba yanzu za ki yi barci ba. Dube ni."

A asibiti wata nas mai suna Priscilla ta taro mu da gadon turawa. Ta kalli Dinatu kawai, suka ruga. Aka ce ana neman jini. Aka gwada nawa ya yi daidai, aka ɗiba. Sama'ila ma ya miƙa hannu, nasa bai dace ba. Muka zauna a gindin dalbejiya, ni da shi, ba mai kallon wani.

Bayan la'asar Dinatu ta fito. Ta durƙusa a gabana kamar yadda ɗiya ke yi.

"Baba, tana da rai. Ɗan namiji ne, bai zo da rai ba. Mahaifar ta yage ta inda ba ta ɗinkuwa, likita ya cire ta. Ba za ta sake haihuwa ba."

Sama'ila ya kifa kai a gwiwa. Ni na ce Alhamdu lillahi.

Kwanakin da suka biyo baya zazzaɓi ya rufe ta. Nas-nas ɗin nan su ke juya ta, su goge mata jiki, su canza mata shimfiɗa. Nono ya kawo ba mai sha, ya yi tauri yana mata zogi, Priscilla ta ɗaure mata ƙirji tana ba ta haƙuri. Dinatu ce ta gaya mata ɗan bai rayu ba, ta zauna a bakin gadon ta riƙe ta har kukan ya lafa. Maganar mahaifa kuwa ta ce a dakata sai zazzaɓi ya sauka, za a gaya mata likita na nan, ita ma tana nan.

Daga ƙauye kuwa, ga abin da ya iso mana. Balaraba na gaya wa duk wanda ya je mata jaje cewa ɗan na motsi har lokacin da baƙuwa ta kwance ɗaurin ciki, kuma girgizar mota ce ta ƙarasa shi. Maigandi ya aiko a gaya mini ƙaddara ce, kowa da kwanansa, amma shigar da na yi gidansa ba a taɓa yi musu irinta ba, yana jiran in je in ba da haƙuri. Sama'ila ya zo sau ɗaya da ledar lemo, ya tsaya a taga, ya ce mini, "Baba, uwa ce. Mi zan yi?" Matan da aka ɗaga rigar ɗiyata a gabansu sun ce su ba su ga komai ba. Hauwa'u kaɗai ta faɗi gaskiya, ita ma mijinta ya hana ta zuwa kasuwa.

Ba wanda ya ce ya yi laifi. An durƙusar da yarinya mai ɗinki a ciki, an toshe mata baki, an danne ta har ta yage, don kawai kada a ce wata mace ta fi wata iya karɓar haihuwa. Maza uku na zaune a zaure suna ji, kowa na cewa sha'anin mata ne. Ba jahilci ba ne, don Balaraba ta san kan ɗan bai sauka ba, da bakinta ta faɗa. Ta san abin da ya kamata, har ta nemi mayafinta. Sunan da yarinya ta kira cikin azaba shi ya fi mata ciwo a kan ran jikanta. Irin wannan gida ba ɗaya ba ne a fadamar nan, shi ya sa na rubuta.

Jiya na shiga dubiya. Zazzaɓin ya fara sauka, ta sha kunu. Na zauna nesa da gadon, ta gaishe ni. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Baba, ka yi haƙuri da wahalar da na ba ka. In Allah ya kawo wani cikin, ba ni jiran izinin kowa. Tun da sauran wata zan taho in zauna gida."

Na ce Allah ya ba ki lafiya. Na fito.

Gobe likita zai gaya mata. Ban san yadda za ta ɗauka ba. Ban sani ba ko Sama'ila zai zo ya tsaya a wurin, ko zai mayar da ita ɗakinta bayan ya san ba za ta ƙara haihuwa ba, ko ita za ta yarda ta koma. Aminatu tana can hannun Balaraba, na aika a kawo ta ta ga uwarta, har yau ba a ba ni amsa ba.